Taurari Biyar: Yadda Amurkawa Ke Auna Samarin Ƙwallon Jami'a

Ran 19 ga watan Janairu 2026 'yan ƙwallon Jami'ar Indiyana ta ƙasar Amurka suka kara da na Jami'ar Mayami, suka cinye su da maki 27 da 21, suka ɗauki kofin jami'o'in ƙasar duka. Wasa 16 suka yi a wannan kaka, ba wanda ya kā da su ko sau ɗaya. Ba don ƙwallon kanta muka kawo wannan labari ba, gama ba irin tamu ba ce. Abin da ya ja hankalinmu shi ne, wannan nasara ta ƙaryata wani lissafi wanda masana wasan suka shekara fiye da goma suna dogara da shi. Mu kuwa da yawancin masu karatunmu aikinsu ke nan ba da maki da jera sunaye, mun ga ya kamata mu duba yadda a ke yin lissafin nan, da inda ya ke da gaskiya, da kuma inda ya yi tuntuɓe.

Da farko sai mu bayyana wasan a taƙaice. Ƙwallon Amurka mai tsawo ce kamar ƙwai, da hannu a ke ɗaukarta a ruga ko a jefa, mutum goma sha ɗaya a kowane gefe, kuma rabin wasan kokawa ce. Tun 1869 jami'o'i suka fara karawa da juna, sa'ad da Rutgers ta gamu da Princeton. Yau manyan jami'o'in da ke cikin rukunin farko sun haura 130, kuma filin Jami'ar Mishigan kaɗai yana cin mutum fiye da 107,000. Wasan ya zama babbar hanyar samun kuɗi da suna ga jami'a. Saboda haka kowace shekara masu horar da 'yan wasa su kan bazu cikin makarantun sakandare suna zawarcin samari, suna yi musu alkawarin karatu kyauta. Samarin da jami'a ta samu a shekara guda su a ke kira aji, kamar dai yadda mu ke cewa ajin bana ko ajin bara. Dā ran Larabar farko ta Fabrairu a ke sa hannu a takarda, amma tun 2017 aka buɗe wani lokaci cikin Disamba, yanzu kuwa yawancin samarin a nan su ke sa hannu.

To, samarin da ke wannan wasa a sakandare sun kai wajen miliyan ɗaya. Wa zai faɗi wanda ya fi wani? Nan ne wasu kamfanoni suka sami sana'a. An kafa Rivals a 1998, 247Sports a 2010, On3 a 2021, ga kuma gidan talabijin na ESPN mai fitar da jerin samari 300 kowace shekara. A 2025 On3 da Rivals suka haɗe. Ba hukuma ba ce ta naɗa su, kuma ba jami'o'i ke biyansu ba. Masoya ƙwallo ne ke biyan kuɗin wata don su karanta labarin yaran da jami'arsu ke nema. A riƙe wannan batu, za mu komo kansa.

Ma'aikatan kamfanonin nan su kan kalli hotunan wasan yaro, su je sansanin gwaji su auna tsayinsa da nauyinsa da gudunsa, su tambayi malamansa, sa'an nan su ba shi maki. A wurin 247Sports wanda ya sami 98 ko fiye shi ne mai tauraro biyar, daga 90 zuwa 97 tauraro huɗu, daga 80 zuwa 89 tauraro uku, abin da ya yi ƙasa da haka tauraro biyu. Samari 32 kaɗai su ke ba tauraro biyar a ƙarshen shekara, kuma da dalili: ƙungiyoyin ƙwararru na ƙasar 32 ne, kowace tana zaɓen mutum ɗaya a zagayen farko na ɗaukar 'yan wasa daga jami'a. Watau in an ce yaro mai tauraro biyar ne, ana nufin ana tsammani nan da shekara uku ko huɗu zai shiga cikin waɗannan na farko. Ashe makin nan duba ne a ke yi wa yaro ɗan shekara goma sha bakwai, ba sakamakon jarrabawar da ya riga ya ci ba. Da ya ke kuma kamfanonin ba su cika yin baki ɗaya ba, sai 247Sports ta ƙirƙiro wata dabara, ta tattara makin da kowannensu ya bayar ta fitar da matsakaici. Wannan haɗaɗɗen maki shi jaridu suka fi ambata.

Daga makin yaro ɗaya sai a koma makin aji, a nan kuwa akwai hikimar da duk akawu zai so ya gani. In aka ce a tara makin kowa kawai, jami'ar da ta kwaso samari talatin matsakaita sai ta wuce wadda ta ɗauki gwanaye ashirin. In kuma aka ce a ɗauki matsakaici, jami'ar da ta ɗauki gwanaye biyar ta tsaya sai ta zo ta ɗaya, alhali mutum biyar ba su cika fili. Dā Rivals ta kan lissafta samari ashirin na sama ne kaɗai, ta bar sauran. Ita kuwa 247Sports sai ta jera ajin daga babba zuwa ƙarami: na farko a ƙidaya makinsa duka, na biyu a rage kaɗan, kamar kashi 98 cikin ɗari, na uku a ƙara ragewa, haka haka har a kai inda yaro na ashirin da biyar ba ya ƙara wa jimla wani abin kirki. Ta haka a ke girmama inganci ba tare da an yi watsi da yawa ba. Duk da haka bambancin da ke tsakanin aji na uku da na shida sau da yawa bai taka kara ya karya ba, yaro ɗaya in ya sauya ra'ayi ranar sa hannu sai jerin ya birkice. Amma masoya ba su duban wannan, lamba kawai su ke gani.

Shin lissafin yana da gaskiya? A dunƙule, lalle yana da ita, kuma wanda ya ce duk shirme ne bai duba tarihi ba. Wani marubuci mai suna Bud Elliott ya lura cewa jami'ar da za ta ɗauki kofi sai ta zama fiye da rabin samarin da ta ɗauka cikin shekara huɗu na baya masu tauraro huɗu ne ko biyar. Tun 2013 ya ke fitar da wannan lissafi, shekara bayan shekara kuwa yana cika. Nick Saban ya riƙe ƙungiyar Alabama daga 2007 zuwa 2023, ajinsa ya yi ta zuwa na ɗaya, ya ɗauki kofi shida a can. Jojiya ma da ta ɗauka a 2021 da 2022 ta bi wannan hanya ce. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba a kan gane ta.

Amma fa abin da ya tabbata a kan taro ba lalle ya tabbata a kan mutum ɗaya ba, kowane malamin makaranta ya san haka. Shi kansa wanda ya jagoranci Jojiya a fili a shekarun nan biyu, Stetson Bennett, da ya fara shiga jami'ar ba a ba shi karatu kyauta ba, da ƙafarsa ya kai kansa. J.J. Watt tauraro biyu aka ba shi, ya zama ɗaya daga cikin manyan masu tsaron baya na zamaninsa. Josh Allen ba wata babbar jami'a da ta kula shi, sai da ya bi ta ƙaramar kwaleji, a kakar 2024 kuwa shi aka zaɓa gwarzon ƙwararru duka. Masu kare lissafin su kan amsa cewa masu tauraro biyu da uku dubbai ne, masu biyar kuwa talatin da 'yan kai, dole a sami 'yan tsiraru cikin dubban da za su yi fice. Wannan amsa daidai ce, ba mu musa ba.

Aibin da ya fi damunmu dabam ne. Ma'aikatan kamfani ba za su iya ganin yaro miliyan da idonsu ba, don haka su kan saurari inda manyan jami'o'i suka nufa. In aka ji Alabama na neman yaro, sai a ce lalle akwai abin da ta gani, makinsa ya hau. Sa'an nan a juyo a ce Alabama ta fi kowa aji mai kyau. Kun ga ma'auni ya koma yana auna kansa. A 2019 wasu 'yan makaranta a Jihar Tenesi suka yi wa abin dariya: suka baza labarin ƙarya a intanet cewa manyan jami'o'i na rububin wani abokinsu, sai ga ɗaya daga cikin kamfanonin ya ba shi tauraro uku kafin asiri ya tonu. Ga kuma batun da muka ce a riƙe: wanda ke sayar da labari ga masoyan manyan jami'o'i, ko bai yi niyyar son kai ba, idonsa zai fi zama a kan yaran da masu biyansa ke son ji.

Babban abin da ya raunana lissafin kuwa sauyin doka ne. An gina shi a zamanin da yaro in ya sa hannu zai zauna shekara uku ko huɗu, in ya tashi kuma sai ya yi shekara guda bai yi wasa ba. A 2018 aka buɗe rajistar masu neman sauya jami'a, a 2021 aka yarda ɗan wasa ya koma wata ya ci gaba da wasa nan take, a cikin shekarar kuma aka halatta masa karɓar kuɗin talla da sunansa. A Yuni 2025 kotu ta amince jami'a ta riƙa raba wa 'yan wasanta har wajen dala miliyan 20 da rabi a shekara. Aji ya zama kamar kasuwar ƙauye, ana cika da hantsi a watse da la'asar.

Jami'ar Texas A&M ta ɗanɗana wannan. Ajinta na 2022 ya sami makin da ba a taɓa ba wani aji ba kafinsa, da masu tauraro biyar har takwas. A wannan kaka wasa biyar ta ci, aka cinye ta bakwai. Da yawa cikin samarin suka kama gabansu, a Nuwamba 2023 kuma aka sallami mai horar da su, Jimbo Fisher, da alkawarin biyansa fiye da dala miliyan 75 na ragowar kwantaraginsa. Ba kuɗin wasa ba ne a ke zubawa bisa ga waɗannan lambobi, kuma mutane na rasa aikinsu a kansu.

Indiyana ta bi ta ɗaya hanyar. Jami'a ce wadda ta daɗe cikin waɗanda suka fi shan kaye a tarihin wasan, ba ta kuwa taɓa kusantar rabin nan da Elliott ya gindaya ba. Curt Cignetti ya karɓe ta a ƙarshen 2023, ya taho da wasu 'yan wasansa daga Jami'ar James Madison, ya riƙa neman waɗanda suka riga suka yi wasa a wata jami'a aka ga aikinsu, ba waɗanda a ke yi wa kyakkyawan zato ba. Mai jefa masa ƙwallo, Fernando Mendoza, ɗan birnin Mayami ne, yana can ƙasa-ƙasa a jerin shekararsa, ya fara wasa a Kalifoniya kafin ya komo Indiyana, ya kuma ci kyautar Heisman ta gwarzon jami'o'i a 2025.

A ganinmu ba daidai ba ne a ce shekara guda ta rushe abin da shekara goma sha suka tabbatar. Jami'ar da ta tara masu tauraro biyar har gobe ta fi wadda ba ta da su damar cin kofi. Abin da ya sāke shi ne, jerin da a ke fitarwa ranar sa hannu yanzu rabin labari ya ke bayarwa. Kamfanonin da kansu sun gane haka, gama sun fara ba masu sauya jami'a nasu taurarin, suna fitar da jeri na biyu dominsu, da na uku wanda ya haɗa sababbin ɗauka da masu sauyi. Sai dai a nan ma sabuwar matsala ta taso musu, watau yadda za a ɗora saurayi ɗan shekara ashirin da biyu wanda ya rage masa kaka ɗaya a kan sikeli guda da yaro ɗan sha takwas wanda ke da huɗu a gabansa, in ya zauna.