Ƙananan Ƙungiyoyin Ƙwallon Ƙafa A Kano: Matsalar Kuɗi Ce Ko Ta Mallaka?

Babu shakka wasan ƙwallon ƙafa shi ne ya fi kowane wasa ɗaukar hankalin matasa a Jihar Kano. A Ƙaramar Hukumar Tarauni kaɗai, daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Darmanawa, Daurawa, Hotoro, Babban Giji da Unguwa Uku, da wuya a sami unguwar da ba ta da ƙungiya ɗaya ko biyu da ke fita atisaye safe da yamma. To sai dai abin da ke ci wa masu kishin wasan tuwo a ƙwarya shi ne yadda waɗannan ƙungiyoyi ke tashi da faɗuwa. Yau a ji ƙungiya ta yi tashe, har ana tururuwar zuwa kallonta, bayan shekara biyu ko uku a nemi sunanta a rasa. Idan aka tambayi dalili, amsar ba ta wuce ɗaya: babu kuɗi.

Gaskiya ne akwai rashin kuɗi. Amma idan aka yi wa lamarin duba na tsanaki za a tarar cewa rashin kuɗin reshe ne, tushen kuwa shi ne rashin sanin wane ne ainihin mai ƙungiyar, da kuma dogaro da aljihu guda wajen tafiyar da ita.

Yadda Tsarin Yake

Gasar ƙwallon ƙafa a Nijeriya hawa-hawa ce. A sama akwai gasar Firimiya ta ƙasa, wato NPFL, mai ƙungiyoyi 20. Ƙasa da ita akwai gasar NNL, sannan gasar NLO a mataki na uku, kana gasannin da hukumomin ƙwallon ƙafa na jihohi ke shiryawa. Ƙungiyoyin unguwanni suna can ƙasan wannan tsani, kuma daga cikinsu ne ake tsamo yaran da ke zama taurarin gobe.

Abin lura a nan shi ne, duk matakin da ƙungiya ta hau, ɗawainiyarta ƙaruwa take yi, alhali kuɗin shigarta bai cika ƙaruwa ba. Ƙungiyar unguwa tana buƙatar ƙwallaye, riguna, takalma, kuɗin alƙalin wasa, kuɗin mota, ruwan sha da ɗan abin da za a sallami yara. Idan ta haura zuwa gasar ƙasa, sai a ƙara da kuɗin rajista, hayar motar tafiya wata jiha, masauki, abinci, magani da alawus. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin sufuri ya ninka, kuma sufuri na daga cikin abubuwan da suka fi cin kuɗin ƙaramar ƙungiya. A ɗaya ɓangaren kuwa, yawancin filayen da suke wasa ba su da katanga balle a karɓi kuɗin ƙofa, babu kuɗin nuna wasa a talabijin, sannan matashin da zai biya kuɗi ya kalli ƙwallo ya fi son ya kai su gidan kallo ya ga wasannin Turai.

Saboda haka nauyin yakan faɗa kan mutum guda, wanda ake kira uban ƙungiya. Wani ɗan kasuwa ne, wani ɗan siyasa ne, wani kuma kocin ne da kansa yake yankar abin da zai kai gida ya sayi ƙwallo. Ranar da kasuwa ta juya masa baya, ko zaɓe ya wuce, ko rai ya yi halinsa, ranar ce ƙungiyar ke fara haramar watsewa.

Darasi Daga Tarihi

Wannan ba sabon abu ba ne a Kano. Idan za a iya tunawa, ƙungiyar Raccah Rovers ta Kano ta lashe gasar ƙasa a shekarar 1978, ta kuma wakilci Nijeriya a gasar zakarun Afirka, amma a yau sai dai dattawa su ba da labarinta. Haka nan ita kanta Kano Pillars an kafa ta ne a shekarar 1990, shekarar da aka soma gasar ƙwararru a ƙasar nan, ta hanyar haɗe ƙungiyoyi uku: WRECA, wadda ta hukumar samar da ruwa ce ta jiha, da Kano Golden Stars, da kuma ta Bank of the North. Alhaji Ibrahim Galadima, wanda daga baya ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa daga 2002 zuwa 2006, shi ne ya jagoranci wannan aiki. Hikimar da ke ciki ita ce, ƙarfin da ya kasu uku aka dunƙule wuri guda. Mai karatu ya tambayi kansa: da an bar ƙungiyar bankin ita kaɗai, ina makomarta a shekarar 2006 lokacin da bankin ya narke cikin Unity Bank?

A sauran sassan ƙasar nan ma labarin ɗaya ne. Leventis United ta Ibadan ta lashe gasar ƙasa a 1986, amma kamfanin da ya mallake ta ya rushe ta a shekarar da ta biyo baya. Abiola Babes ta Abeokuta, wadda ta ɗauki kofin ƙalubale a 1985 da 1987, ta ɓace bayan mai ita ya janye hannu. An kori Giwa FC ta Jos daga gasar Firimiya a 2016 saboda ƙin halartar wasanni. FC Ifeanyi Ubah ta Nnewi ta ɗauki kofin ƙalubale a 2016, sannan ta faɗo daga gasar Firimiya a 2021. Dukkansu sun yi tashe, dukkansu kuma a kan ƙafa ɗaya suka tsaya.

Kada a ɗauka cewa ƙasashen da suka ci gaba sun tsira. A Ingila, an sayar da ƙungiyar Bury, wadda aka kafa tun 1885, a kan fam ɗaya tak a ƙarshen 2018 saboda bashin da ya yi mata katutu, kuma a watan Agustan 2019 aka kore ta daga gasar ƙwararru. Magoya bayanta ne suka tashi tsaye suka sake gina ta daga ƙasa. Irin wannan ta'asa ce ta sa majalisar dokokin Birtaniya ta kafa doka a 2025 wadda ta samar da hukuma mai zaman kanta da za ta riƙa tantance masu sayen ƙungiyoyi da bincikar littattafan kuɗinsu. A Jamus kuwa, ƙa'idar da aka shimfiɗa tun 1998 ta tanadi cewa, in ban da 'yan ƙalilan da aka keɓe, rinjayen ƙuri'a a kowace ƙungiya yana hannun mambobinta, komai yawan dukiyar da mai zuba jari ya kawo. Hausawa na cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Gwamnati Ko 'Yan Kasuwa?

Akwai masu ganin cewa mafita ita ce gwamnati ta ɗauki nauyin kowa, suna kafa hujja da nasarorin Kano Pillars. Ba a musun waɗannan nasarori. Sai Masu Gida sun lashe gasar Firimiya a 2008, 2012, 2013 da 2014, sun kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka a 2009 bayan sun fitar da Al Ahly ta Masar, sun kuma ɗauki kofin ƙalubale a 2019. Tallafin gwamnatin jiha ne ya sa ko da ƙungiyar ta faɗa gasar NNL a 2022 ba ta watse ba, ta dawo a 2023.

Amma fa gwamnatin da ke da ƙananan hukumomi 44, ga makarantu, ga asibitoci, ga ruwan sha, ga hanyoyi, ba za ta iya zama uwa da uba ga kowace ƙungiyar unguwa ba. Ko da za ta iya, ba shi ne alheri ba, domin ƙungiyar da ta saba jiran kason gwamnati takan manta hanyar neman na kanta, kuma duk lokacin da aka sami canjin shugabanci sai ta shiga zullumi.

Akwai kuma masu cewa a bar wa masu hannu da shuni. Su ma suna da hujja. Remo Stars ta Ikenne, mallakar ɗan kasuwa Kunle Soname, ta lashe gasar Firimiya a 2025. A nan gida, ƙungiyar Barau FC ta Sanata Barau Jibrin ta sami hayewa gasar Firimiya a shekarar 2025, abin da ya ba Kano wakilai biyu a kakar da ta biyo baya. Wannan abin farin ciki ne. Sai dai abin da ya kamata a koya daga Remo Stars bai tsaya kan arzikin mai ita ba. Ƙungiyar ta gina filin wasanta, ta kafa makarantar horar da yara, ta mai da rainon 'yan wasa sana'a. Mallakar mutum guda ba laifi ba ce, laifin shi ne a bar ƙungiya babu abin da za ta tsaya a kai in ban da aljihunsa.

Kuɗin Da Ke Wucewa Ta Bayan Gida

Babbar kadarar ƙaramar ƙungiya ita ce 'yan wasanta, kuma a nan ne rikicin mallaka ya fi yin ɓarna. Sau da yawa ƙungiya za ta raini yaro tun yana ɗan shekara goma sha biyu, da zarar ya fara haske sai dillali ya zo ya ɗauke shi, ya yi masa rajista da sunan wata makarantar ƙwallo a wani gari. Ranar da aka sayar da shi waje, sai koci ya ce nasa ne, uban ƙungiya ya ce shi ya ciyar, iyaye su ce ba su san da wata yarjejeniya ba. A ƙarshe a tashi a tutar babu: kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Alhali kuwa dokokin hukumar FIFA sun yi wa irin waɗannan ƙungiyoyi tanadi iri biyu. Na farko shi ne diyyar horarwa, wadda ake biya idan yaro ya sanya hannu a kwantaraginsa na farko na ƙwararru a wata ƙasa. Na biyu shi ne kashi 5 cikin 100 na kuɗin cinikin ɗan wasa tsakanin ƙasa da ƙasa, wanda ake raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 23. A misali, idan aka sayar da ɗan wasa a kan dala miliyan 1, dala 50,000 ce za a raba, kuma ƙungiyar da ta riƙe shi daga shekara 12 zuwa 15 tana da haƙƙin dala 10,000 a ciki. Haka za a sake biya duk lokacin da aka sake cinikinsa zuwa wata ƙasa. Tun watan Nuwamban 2022 FIFA ta buɗe ofishi na musamman da ke tattara waɗannan kuɗaɗe ya tura wa masu su.

To amma akwai sharaɗi. Dole ƙungiyar ta kasance mai rajista da hukumar ƙwallon ƙafa, dole sunan yaron ya shiga kundin rajista a ƙarƙashinta a shekarun da ya yi a can, kuma dole ta mallaki asusun banki da sunanta. Ƙungiyar da ba ta da takarda, a idon doka ba ta taɓa horar da kowa ba. Kano kuwa ba baƙuwa ba ce a wannan kasuwa: daga Kano Pillars Ahmed Musa ya tafi VVV-Venlo ta ƙasar Holan a 2010, bayan ya ci ƙwallaye 18 a kaka guda, kuma a 2025 gwamnatin jiha ta naɗa shi babban manajan ƙungiyar. Abin tambaya shi ne, idan wani yaro daga Gyaɗi-Gyaɗi ya bi sawunsa gobe, ƙungiyar da ta koya masa taka leda tana da shaidar da za ta nuna?

Abin Da Ya Kamata A Yi

Da farko, kowace ƙungiya ta fayyace masu ita a rubuce. Ta yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, ko a matsayin kamfani ko ƙarƙashin amintattu, ta kuma yi rajista da hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha. A rubuta tsarin mulki wanda zai bayyana abin da za a yi idan uban ƙungiya ya janye ko ya rasu, domin kada riguna da ƙwallaye da haƙƙin 'yan wasa su shiga rabon gado.

Na biyu, a raba aljihun ƙungiya da na mutum. A buɗe asusu da sunanta, masu sa hannu su kasance aƙalla biyu, a riƙa karanta wa mambobi abin da ya shigo da abin da ya fita a ƙarshen kowace kaka. Ɗan kasuwar da ke kan titin gidan Zoo ko titin Zariya zai fi sakin jiki ya sa sunan shagonsa a rigar ƙungiyar da ke da lissafi.

Na uku, a faɗaɗa mallaka. Mutanen Kano sun san adashi, sun san ƙungiyoyin gama kai da na taimakon kai da kai. Idan mazauna unguwa suka yanki katin zama mamba suna biyan ɗan abin da ya sawwaƙa duk wata, ƙungiyar ta zama tasu, za su kuma tsare mutuncinta. Inda ƙungiyoyi uku ko huɗu ke fama a mazaɓa guda, babu aibi su haɗe kamar yadda magabata suka yi a 1990, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na huɗu, a yi wa kowane yaro rajista tun ranar da ya shigo, da shekarunsa na gaskiya da sa hannun iyayensa, a kuma tabbatar ƙwallo ba ta raba shi da makaranta ba.

Su kuwa hukumomi, a matakin jiha da na ƙananan hukumomi, gudunmawarsu mafi ɗorewa ita ce kare filayen wasa daga masu yanka su, gyara waɗanda suka lalace, shirya gasanni a kan lokaci, da horar da sakatarorin ƙungiyoyi kan rajista da adana bayanai. Duk wani tallafi da za a bayar, ya dace a fifita ƙungiyar da ta nuna takardunta da lissafinta.

Daga ƙarshe, muna kira ga shugabannin ƙungiyoyi, masu unguwanni, iyaye da 'yan kasuwa na Tarauni da sauran sassan jihar nan da su ɗauki wannan batu da muhimmanci. Ƙungiyar unguwa wuri ne da ke tsare matasa daga zaman banza, shaye-shaye da harkar daba, saboda haka rushewarta asara ce ga unguwa baki ɗaya. Rajista da riƙe littafin lissafi ba sa buƙatar miliyoyi, niyya da riƙon amana kawai suke buƙata. Allah Ya taimaki matasanmu, Ya ba Jihar Kano zaman lafiya da ƙaruwar arziki, amin.