Ganga Ta Saba da Duka, Ba Ta Saba da Tirela Ba

Ranar ƙaura, kayan gida sukan kasu gida biyu: waɗanda ake riƙewa a hannu, kamar takardun makaranta da talabijin, da waɗanda ake bar wa 'yan dako su cilla bayan mota. Jerin gangunan zamani, irin wanda makaɗi ɗaya yake zama a bayansa yana kaɗawa da hannuwa da ƙafafu a coci, ko ɗakin ɗaukar waƙa, ko zauren biki, kusan kullum a kashi na biyu yake faɗawa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Abin da aka ƙera don a yi ta dukansa, wa zai yi zaton gargadar hanya za ta yi masa lahani? Wannan zato kuskure ne mai tsada, domin kayan daga waje ake shigo da su, da dala ake yi musu farashi, kuma wasu ɓarnar babu mai gyara su a kusa.

Ganga tana jure duka ne a wuri ɗaya kawai, wato a fuskarta. Fuskar gangar zamani ba fatar dabba ba ce. Roba ce mai suna Mylar, wadda kamfanin Remo ya yaɗa tun daga 1957, kuma ita ce mafi arha a duk jikin gangar: in ta fashe a sayi wata. Dukiyar tana cikin kangon, katakon da aka lanƙwasa falle-falle, shida ko fiye, aka manne da gam har ya zama da'ira. Bakin wannan kango, inda fatar take zama, an fere shi ya yi siriri, galibi a kusurwar digiri 45, kuma dole ya kasance daidai wa daida tun daga farko har ƙarshe. Idan ƙarfe ya dake shi ya loɓa ko da kaɗan ne, fatar ba za ta sake zama lafiya ba. Mai gangar zai yi ta ɗaure noti yana kwancewa, yana zargin kunnensa, alhali tun a tasha aka kashe muryar. Haka nan idan aka ɗora buhun shinkafa ko janareto a kan kango na tsawon kwana biyu, yana iya fita daga da'irarsa, ba kuwa zai koma ba.

Saboda haka, ga duk tafiya mai nisa, a ce daga Legas zuwa Kano, kimanin kilomita 1,000, abin da ya dace shi ne mai ganga ya wargaza ta da hannunsa. Akwai masu ganin wannan wahala ce ta banza, kuma suna da 'yar hujja. Wanda zai tashi daga wata unguwa zuwa wata a cikin Jos, ko makaɗin da yake fita wasa kowane mako, jakunkuna masu soso da kujerar baya ta mota sun ishe shi. Amma da zarar kaya za su kwana a hannun wani, lissafi ya canja.

Lissafin ma na kuɗi ne kafin ya zama na kariya. Ganga yawancinta iska ce, kuma kamfanonin jigila suna karɓar kuɗin iska. Suna ninka tsawon kwali da faɗinsa da tsayinsa a santimita, su raba da 5,000, ko 6,000 a jigilar jirgin sama ta gama-gari, sannan su kwatanta sakamakon da ainihin nauyin, su caji wanda ya fi yawa. Babbar gangar ƙafa mai faɗin inci 22 tana bukatar kwali mai kimanin santimita 65 da 65 da 55. Nauyinta kilo 10 ne ko ɗan fiye, amma a takarda za ta zama kilo 46. Direban tirela a tasha bai san wannan ƙa'ida da lambobi ba, amma da ido shi ma ita yake bi: wurin da kaya suka cinye yake yi wa kuɗi.

Maganin shi ne a sa ganga cikin ganga. A kwance notuka da ɗan makullin ganga, a cire zobba da fatu, sannan mai inci 12 ta shiga cikin mai inci 16, ita kuma ta shiga cikin mai inci 22. Sai an sami tazarar inci huɗu ko fiye tsakanin kowace biyu, domin a jikin kango akwai ƙarafan da notuka suke shiga, kuma su ne suke karce na kusa da su. Shi ya sa mai inci 10 ba ta shiga cikin mai 12 lafiya, gara a ba ta kwalinta. Kowane kango a naɗe shi da bargo ko tawul, a lulluɓe bakinsa sama da ƙasa da soso ko kwali, a cusa tsumma a duk wani gurbi har sai an girgiza ba a ji motsi ba. Kada salatif ya taɓa jikin gangar kansa, domin zafi yana narkar da gam ɗinsa a kan fenti. Notukan kowace ganga a leda guda, a rubuta sunanta. Kafin a taɓa komai kuwa, a ɗauki hotuna da waya ta kowane ɓangare; su ne za su nuna yadda za a mayar, su ne kuma shaida in an kai ga gardama da mai mota ko kamfanin inshora.

Ƙarafan tsayarwa da fedar ƙafa ba sa haɗa kwali da katako, ko da wuri ya rage. Su ne suke zama guduma a kowane rami. Siririn sandan da yake ɗaga faya-fayan nan biyu masu buɗewa da rufewa yana lanƙwashewa cikin sauƙi, don haka a kwance shi ko a zura shi cikin bututunsa.

Faya-fayan tagulla, waɗanda makaɗa suke kira simbal, sun cancanci kulawa ta dabam. Masu kyau daga cikinsu gami ne na jan ƙarfe kashi 80 da kuza kashi 20, irin wanda gidan Zildjian ya shahara da shi tun 1623 a Istanbul. Gamin yana da daɗin amo amma ba ya son a dake shi a gefe. Tsaga ɗaya in ta fara, ci gaba take yi, kuma walda ba ta mayar da muryar. Iyakar abin da ake yi shi ne a yanke wurin. Tunda set ɗinsu yana iya kai kuɗin gangunan duka ko ya fi, ga shi kuma jaka ɗaya ce take ɗaukar su, babu dalilin da zai sa su shiga tirela. A sa ƙyalle tsakanin kowane biyu, su bi mai su a motar da ya hau. Makaɗin kalangu bai taɓa bukatar a faɗa masa wannan ba. Duk inda za shi, abinsa yana rataye a kafaɗa.

Wanda zai tsallaka iyaka da kayan yana da ƙarin tambaya ɗaya: wane katako ne? A Janairun 2017 yarjejeniyar CITES ta sa ido a kan cinikin bubinga, itacen dazukan Gabon da Kamaru da ake ƙera wasu ganguna masu tsada da shi, har makaɗa suka shiga neman takardun izini. A 2019 aka cire kayan kiɗan da aka riga aka gama ƙerawa daga wannan sharaɗi. Duk da haka rasit ɗin saye da bayanin irin katakon suna rage tsayuwa a gaban jami'in kwastam. Gangar da take da fatar dabba ta gaske kuwa wasu ƙasashe, irin su Ostareliya, suna bukatar a bayyana ta a bincika.

Saura abokin gabar da ba ya yin ƙara. Katakon da ya shekara a laimar Legas, inda danshin iska yake yawan haura kashi 80 cikin ɗari, idan ya sauka Kano a tsakiyar hunturu zai tarar da iskar da danshinta yake faɗuwa ƙasa da kashi 20. Katako yana tsukewa idan ya bushe, kuma in bushewar ta zo farat ɗaya, fenti yana iya tsattsagewa, gam ya saki. Ƙarƙashin tamfol a bazara kuma zafi yana sa robar adon da aka liƙa wa wasu kanguna ta kumbura. Don haka a roƙi masu lodi su sa kwalayen a sama da sauran kaya amma nesa da tamfol da jikin ƙarfen mota, ko da za a ƙara musu wani abu. In an isa, a bar su a rufe a cikin ɗaki kwana ɗaya ko biyu. Bayan nan a ɗora kowane kango tsirara a kan gilashi ko tebur mai laushi a ga ko yana rawa, sannan a mayar da fatu, ana ɗaure kowane noti tare da wanda yake fuskantarsa, rabin juyi rabin juyi.