Ra'ayinmu: Tsakanin "Teach" da "Learn"

Duk malamin da ya taɓa duba takardun jarrabawar 'yan aji shida a Wurno, Rabah ko Goronyo ya san irin wannan jimla: "My teacher learned me English." Mukan ja mata layi da jan biro, mu rubuta "taught" a sama, mu wuce. A wannan fitowa muna roƙon 'yan'uwa malamai mu ɗan dakata a kanta, domin darasin da ke cikinta ya wuce na nahawu.

Ba daƙiƙanci ne ya kai yaron ga kuskuren ba, harshen uwa ne ya ja shi. A Hausa tushen ɗaya ne: malam ya koya wa yaro karatu, yaro ya koyi karatu. Turanci kuwa ya raba aikin gida biyu: "teach" na mai bayarwa ne, "learn" na mai karɓa. Su kansu Turawan Ingila, a zamanin Shakespeare, kimanin shekara 400 da suka wuce, sukan yi amfani da "learn" da ma'anar koyarwa. Daga baya ne aka tsaurara iyakar.

Wannan iyaka tana tuna mana gaskiya mai ɗaci: ana iya yin ɗaya babu ɗayan. Malam na iya kammala manhajar zango, mai duba makarantu ya sa hannu a littafin darasinsa, amma yaro ya share shekara shida a aji bai iya karanta wasiƙa ba. An koyar, ba a koya ba. Rahoton Bankin Duniya na 2018 a kan wannan giɓi ya tsaya: zaman aji daban, samun ilimi daban.

Manomin rani da ke shayar da gonarsa daga madatsar Goronyo ba ya alfahari da yawan irin da ya shuka. Buhunan shinkafa da albasar da ya kai gida su ne shaidarsa. Mu ma ɗalibanmu su ne amfanin gonarmu. Kada mu manta Sardauna Ahmadu Bello, ɗan Rabah, da ya fito kwalejin Katsina a 1931, alli ya fara riƙewa a makarantar Midil ta Sakkwato, kafin a naɗa shi hakimin Rabah a 1934. Aikinmu yana da asali, wajibi ne mu kare martabarsa.

Sai dai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta yi wa kowane yaro alkawarin karatun shekara tara kyauta. Alkawarin ba zai cika ba sai da aji mai rufi da benci, da littafi a hannun yaro, da malamin da haƙƙinsa ke isa gare shi a kan kari. Ƙungiya za ta ci gaba da neman waɗannan, kuma muryarta za ta fi kaifi idan ɗalibanmu suna karatu da bakinsu.

Saboda haka, ya 'yan'uwa, kafin a buga ƙararrawar tashi, kowa ya kira yara biyu ko uku daga bayan aji, ya ji abin da ya zauna a kansu. Iyaye kuma, maimakon "Ka je makaranta?", a riƙa tambaya: "Me ka koya yau?" Allah ya albarkaci allinmu da zuriyarmu.