WA KE AUNA RUWAN TALAKA?

Jama'ar Batsari da Safana, ku saurara! Gansakukar nan da ke lulluɓe tafki idan rani ya tsananta, wani irinta ƙwayoyi ne masu dafi mai lalata hanta. Takin zamani da kashin shanu da ruwan sama ke kwasowa, su ne abincinsu. Tafasawa ba ta kashe dafin, tacewa da ƙyalle ba ta tare shi.

Kada wani ya ce tatsuniya ce. A 1996 dafin nan ya shiga ruwan wankin ƙoda a garin Karu'aru na Barazil, ya kashe majiyyata fiye da 50. A 2014 birnin Toledo na Amurka ya hana shan ruwan famfo kusan kwana 3, domin an auna an gani.

To, mu fa? Manya suna shan ruwan gora, talaka da jakinsa suna shan tafki ɗaya. Mai karɓar kuɗin rumfa ba ya makara ranar kasuwa. Ina mai awon ruwa? A haƙa mana rijiyoyin burtsatse, a auna tafkuna kowane rani. Haƙƙinmu ne, ba alfarma ba!