GONA DA GARKE: Tsohon famfon ƙarfe da maganin haki

A Dumega da sauran garuruwan Dallol Mawri, har Tibiri da Gesheme, maganin haki ya shiga gonaki sosai. Ƴan ƙwadago sun yi tsada, samari da yawa sun tafi biɗa. Magani kuwa ga shi cikin kasuwa, yawancinsa daga Nijeriya, tun da iyaka kusa take. Saura famfon feshi. Wanda ba shi da kuɗin sabo sai ya tuna da tsohon famfon ƙarfe da ke aje gindin rumbu. Ya kakkaɓe shi, ya ga har yanzu yana aiki, ya ce ya huta da saye. To, akwai magana.

Maganin hakin da aka fi saye sunansa glifosat. An fara saida shi a 1974 da sunan Roundup. Yanzu sunayensa sun yi yawa, amma jikin kowace kwalba an rubuta GLYPHOSATE. Rubutun kwalaben Nijeriya da Ingilishi yake. Duk da haka, wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci yana iya bin baƙaƙen ɗaya ɗaya har ya gane wannan kalma.

Masu yin maganin da kansu sun yi gargaɗi. Sun ce kada a dama shi, kada a aje shi, kada a yi feshinsa cikin baƙin ƙarfe wanda ba a shafe cikinsa da roba ba. Haka kuma ƙarfe mai ruwan kwano, irin na kwanon rufi da bokiti. Dalili shi ne maganin yana cin ƙarfen. Yana cinsa, wata iska tana fita, masana suna ce mata haidurojin. Ba ta da launi, ba ta da wari, amma tana kama wuta nan da nan. In tanki yana rufe, sai ta taru ciki. Manomi ya dama magani da safe, ya bar saura ya kwana. Wanshekare ya buɗe murfi da taba a baki, ko ya ƙyasta ashana don ya leƙa ciki. Ko kuma tankin ya fara yoyo, ya kai wa mai walda ba tare da ya faɗa masa abin da aka zuba ciki ba. Wuta tana iya tashi, tankin ya fashe a fuskar mutum. Mai walda ma yana da iyali.

Gane irin ƙarfen ba wuya. A ciro mayen ƙarfe daga lasifikar tsohuwar rediyo, a ɗora jikin tankin. In ya manne, kada a zuba glifosat ciki. In bai manne ba, a kai famfon wurin malamin gona ya duba shi.

Ko wuta ba ta tashi ba, akwai hasara. Tsatsa tana rage ƙarfin glifosat, kamar yadda ruwan tabki mai laka yake rage shi. Sai haki ya ƙi mutuwa, manomi ya zagi mai shago, ya ƙara magani. Tsatsa kuma tana toshe bakin famfo. Nan ne wasu ke cire shi su hura da baki. Wannan mugun ganganci ne, balle in maganin farakwat ne, wanda ake saidawa da sunan Gramoxone da wasu sunaye. Kurɓi ɗaya nasa yana iya kashe babban mutum, kuma likita ba shi da makarinsa. Hukumar CILSS, wadda Nijar ke cikinta, ta hana shi tun 2011. Kafin a sayi kwalba a duba. In an ga PARAQUAT, a aje ta a wuce.

Akwai wata ɓarna da ba a gani sai daga baya. Tanki mai tsatsa ba ya wankuwa. Magani yana ɓuya cikin tsatsa da cikin tiyo. Wanda ake kira 2,4-D yana da naci ƙwarai, kuma kaɗan ɗinsa ya isa ya lalata wake, gujiya, kuɓewa da tumatir. Lokacin da wake ya yi fure, sai manomi ya ɗauki famfon nan ya yi feshin ƙwari. Bayan ƴan kwanaki ganye ya murɗe, fure ya zube. A ce ciwo ne, a ce sammu ne, alhali famfo ne. An yi hasarar wake, an yi hasarar harawar da dabbobi za su ci da rani.

Famfon roba na goyo, mai cin litir 16 ko 20, ba ya tsatsa. In mutum ɗaya ba ya iya saye, gida biyar ko shida su haɗa kuɗi su sayi biyu. A rubuta HAKI da jan fenti jikin ɗaya, a rubuta ƘWARI jikin ɗayan. Kada a yi musaya ko da sau ɗaya. Bayan kowane aiki a ɗauraye famfo sau uku. Ruwan ɗauraya a fesa shi cikin gonar da aka yi wa aiki, nesa da rijiya da tabki. Cikin Dallol ruwa ba shi da zurfi, abin da aka zubar bakin rijiya yana iya komawa cikinta.

Mai gona ya shaida wa makiyaya ranar da ya yi feshi, ya ɗaura tsumma jikin sanda bakin gona don masu wucewa da dabbobi su gani. Tsohon tankin kuwa, kada a mai da shi abin shayar da awaki, kada a ba yara su ɗebo ruwa da shi. A buɗe murfinsa waje, nesa da wuta, a ɗauraye shi sau uku. Sa'an nan a huda gindinsa yana cike da ruwa, a tambayi malamin gona inda za a kai shi.