Aljani Ba Ya Ba da Shaida: Ƙorafi a kan Labaran Bincike da na Al'ajabi

Akwai nau'o'i biyu na ƙagaggun labarai waɗanda manazartanmu suka daɗe suna yi wa kallon hadarin kaji, wato labaran binciken laifi da labaran al'ajabi. A ganinsu na farko abin kashe lokaci ne a cikin mota, na biyu kuwa tatsuniya ce da aka sa wa bango. Mu kam muna son su, kuma wannan so shi ya sa ba za mu yi shiru ba a kan yadda wasu marubuta, har da ɗalibai masu aiko wa wannan mujalla rubutu, suke yi musu riƙon sakainar kashi. Matsayinmu ɗaya ne. Kowane ɗaya daga cikin nau'o'in nan an gina shi a kan alƙawari tsakanin marubuci da mai karatu, alƙawari kuwa kaya ne.

Bari mu fara da labarin bincike. Alƙawarinsa shi ne: an aikata ta'asa, ga alamomi an baza su a gabanka, duk abin da mai binciken ya gani kai ma ka gan shi, saura a ga wanda zai riga gano mai laifi. A kan wannan turba Edgar Allan Poe na Amurka ya ɗora nau'in a 1841, Arthur Conan Doyle na Birtaniya kuma ya ɗaukaka shi da tauraronsa Sherlock Holmes tun daga 1887. A duba littafinsa The Hound of the Baskervilles na 1902. Mutanen karkara sun yi imani cewa wani baƙin karen aljanu ne yake bibiyar zuriyar wani gida. Ana cikin haka sai aka sace wa magajin gidan sabon takalmi ƙafa ɗaya a masaukinsa na Landan, daga baya aka mayar da shi, aka ɗauke tsoho. Mai karatu ya ga wannan, wataƙila har ya yi dariya. Holmes kuwa ya tsaya ya tambayi kansa: wa zai fifita tsohon takalmi a kan sabo, in ba mai neman warin jikin mai shi ba? Ashe kare ne na gaske, mai hanci, wanda aka shafa wa wani sinadari mai ƙyalli cikin duhu. Daɗin wannan labari yana cikin cizon yatsan da mai karatu zai yi, don an nuna masa komai, shi ne bai lura ba.

Kishiyar wannan tana cikin Dare Dubu da Ɗaya, a hikayar tuffa uku. Masunci ya janyo akwati daga kogin Bagadaza, aka buɗe aka tarar da gawar wata mata. Halifa Haruna Rashid ya ba waziri Ja'afaru kwana uku ya kawo wanda ya kashe ta, ko a rataye shi. Me Ja'afaru ya yi? Ya koma gida ya zauna. Ranar da za a zartar da hukunci sai mijin matar ya fito da kansa ya amsa laifi. Aka sake ba wazirin kwana uku ya nemo bawan da ya haddasa fitinar, ya sake zama, sai wajen ban kwana da ƙaramar 'yarsa ya ji tuffar a aljihunta, ashe bawan nasa ne. A matsayin hikaya mai nuna ikon Allah da illar gaggawa, ba mu da abin cewa. Abin takaici shi ne yawancin abin da ake rubuta mana da sunan labarin bincike jikokin Ja'afaru ne. Ɗan sandan ciki zai sha shayi, ya yi soyayya, ya daki mutum biyu uku, sa'annan a babi na ƙarshe mamacin ya zo masa a mafarki ya faɗi sunan wanda ya kashe shi, ko boka ya duba ƙasa, ko mai laifin ya haukace ya tona wa kansa asiri a tsakiyar kasuwa. Mai karatun da ya bi shafi ɗari yana tattara alamomi an mayar da shi wawa ke nan.

Mun san amsar da za a ba mu. Za a ce ai Bahaushe ya yarda da aljanu da sihiri da mafarki, don haka dokar da Bature ya gindaya wa kansa ba ta hau kanmu ba. Gaskiya ne cewa a 1929 wani limamin Kirista ɗan Ingila, Ronald Knox, ya tsara ƙa'idoji goma na wannan nau'i, waɗanda a cikinsu ya haramta warware ƙulli da gaibu ko da sa'a. To amma ba daga wajensa muka fara jin haka ba. Alƙalin da ya yi imani da aljanu, shi ɗin ne dai ba zai yanke wa ɓarawo hukunci don wani ya yi mafarki ba, sai ya nemi shaidu. Mai bin sawun dabbar da aka sace ƙasa yake dubawa da idonsa, ya bambance kofato da kofato. Daɗin daɗawa, a ƙissar Annabi Yusufu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wadda gaskiya ce tsantsa, da aka rasa mai gaskiya tsakaninsa da matar Azizu, riga aka duba, ko ta gaba ta yage ko ta baya. Al'ummar da ta tashi da wannan karatu ba ta da uzurin cewa kafa hujja da alama baƙon abu ne a wurinta.

Kada a ɗauka muna gaba da aljani ne. Yana da gidansa, wato labarin al'ajabi, kuma a can muna maraba da shi. Sai dai can ma akwai alƙawari: marubuci yana da 'yancin ƙaga duniyar da ya ga dama, amma da zarar ya kafa mata doka, dokar ta ɗaure shi. Kakanninmu mata sun san haka. A tatsuniyar Ruwan Bagaja, 'yar Bora ta yi ladabi ga duk abin mamakin da ta tarar a hanya, ta bi umurni, ta dawo da dukiya. 'Yar Mowa ta bi hanya ɗaya, ta yi rashin kunya, ta kwaso wa kanta masifa. Ko yaro ya san cewa a wannan duniya abu kaza yana jawo kaza. Haka D. O. Fagunwa ya yi a littafinsa na Yarabanci, Ogboju Ode Ninu Igbo Irunmale, na 1938: maharbinsa Akara-Ogun yana da layu da bindiga, duk da haka yana jin tsoro, ana kama shi, kuma ba duk abokan tafiyarsa ne suka dawo gida daga dutsen Langbodo ba. Haka kuma J. R. R. Tolkien a The Lord of the Rings na 1954 zuwa 1955. Zoben da ke ɓatar da mai shi daga idon mutane, shi ne kuma yake cin zuciyarsa a hankali, har Frodo ya kai bakin wutar da zai jefa shi ya kasa rabuwa da shi, ya koma gida babu yatsa ɗaya. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Abin da ba mu so shi ne jarumin da bai san kuɗin komai ba. Yana da takobin da ba ya dakushewa da zoben da ke biyan kowace bukata, ya kashe dakaru dubu kafin la'asar ko ƙwarzane bai samu ba. In marubucin ya kai shi lungun da babu mafita, sai a tuna da wata laya da ba a taɓa ambata ba, ko wani tsoho ya ɓullo daga cikin kuka ya miƙa masa maganin abin. Wanda ba zai iya faɗuwa ba, wa zai ji masa fargaba? Ko a littattafan da gasar Rupert East ta 1933 ta haifar ana iya gwada wannan ma'auni. A tambayi duk wanda ya karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam abin da ya fi tunawa. Da wuya ya ce taimakon da aljanu suka yi wa Alhaji Imam a ƙarshen tafiya. Zai ce karawarsa da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, inda yau wannan ya yi nasara, gobe wancan ya rama, kowa da wayonsa kuma kowa yana shan wuya. A Ganɗoki na Bello Kagara ma, mu dai ɓangaren gwagwarmaya da Turawa ya fi kama mana zuciya a kan yaƙe-yaƙen ƙasashen aljanu, don a farkon mun san akwai abin da ya fi ƙarfin jarumin.

Laifin bai tsaya kan marubuta ba. Mu malamai da muka ƙi koyar da waɗannan nau'o'i, muka bar ɗalibi da zaton cewa jigon faɗakarwa kaɗai ke sa littafi ya cancanci nazari, mu muka bar fagen babu alƙali. Alhali kuwa babu inda ake koyon zubi da tsari kamar a labarin da dole alamar da aka binne a shafi na 10 ta yi tsiro a shafi na 90. Maƙwabtanmu Yarabawa sun riga sun yi nisa, don tun 1969 Oladejo Okediji ya fitar da Aja Lo Leru da harshensu.

Saboda haka muna kira ga duk ɗalibin da zai aiko mana da irin wannan labari baɗi da ya yi wa kansa tambaya biyu kafin ya miƙa. In na bincike ne, shin mai karatu mai lura zai iya gano mai laifin da abin da na nuna masa? In na al'ajabi ne, me jarumina ya biya kafin ya samu abin da ya samu? Wanda ya rasa amsa ya koma ya sake zama da alƙalaminsa, don ba a fafe gora ranar tafiya.