Kuɗin fansho: a gyara ma'aunin tun daga ƙasa

A Amurka, kuɗin fanshon da ake cira daga albashi yana da iyaka. Ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi aiki kowa na biyan kashi 6.2 cikin ɗari, amma a shekarar 2024 duk abin da ya haura dala 168,600 a shekara ba a cire masa wannan kaso. Dokar fansho ta Najeriya, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sanya wa hannu a 2014 ta maye gurbin ta 2004, ba ta yanka irin wannan iyaka ba. Ma'aikaci ya ba da kashi 8, wanda ya ɗauke shi aiki ya ɗora aƙalla kashi 10, kuɗin su shiga asusu mai ɗauke da sunan ma'aikacin shi kaɗai. Wannan jarida na ganin hakan daidai ne, tunda kowa abin da ya tara shi zai ci.

Inda gizo ke saƙar shi ne abin da ake lissafawa a matsayin albashi. Dokar ta bar wa takardar ɗaukar aiki ta fayyace shi, ta ce dai kada ya gaza ainihin albashi haɗe da alawus na gida da na sufuri. Nan masu wayo suka samu ƙofa. A ɗauki malamar makarantar kuɗi da ke karɓar naira 100,000 a wata. In an rubuta waɗannan abubuwa uku a kan naira 50,000, aka kira sauran alawus na abinci da na sutura, abin da zai shiga asusunta naira 9,000 ne maimakon 18,000. Ba za ta ji zafin ba a yau, don kuɗin hannunta ma sun ɗan ƙaru. Sai ta shekara talatin tana riƙe da alli, ranar da ta ajiye aiki ta tarar rabin guminta ya bi iska.

Ma'aikacin Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi yana ƙarƙashin tsarin tarayya, yana da takardar albashi da ƙungiyar ƙwadago da za ta yi magana da yawunsa. Damuwarmu ta fi karkata ga masu aiki a gidajen mai, otal-otal, ƙananan asibitoci da makarantun kuɗi da suka cika hanyar Keffi zuwa Masaka da Mararaba. Dokar ta wajabta tsarin a kan kamfani mai ma'aikata 15 zuwa sama, ta ba wanda bai kai uku ba zaɓi, ta yi shiru kan waɗanda ke tsakani. Da yawa daga cikin wuraren aikinmu a wannan tsakanin suke. Ɗan acaɓa da mai sayar da doya kuwa an buɗe musu ƙaramin tsarin fansho tun 2019, sai dai wanda bai ji labari ba yaya zai shiga?

Akwai kuma cin amanar da ta fi muni: a cire kashi 8 daga albashi, a ƙi turawa. Doka ta ba da kwanakin aiki bakwai bayan biyan albashi, da tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari na kuɗin ba a kowane wata da aka yi jinkiri. Wannan haƙƙin mutum ne, kuma ba bashi ya ba wanda ya ɗauke shi aiki ba.

Muna kira ga 'yan majalisar tarayya daga Nasarawa ta Yamma su nemi a gyara dokar, lissafi ya hau kan dukkan abin da ma'aikaci ke karɓa, a kuma toshe giɓin ma'aikata 3 zuwa 14. Hukumar kula da fansho ta ƙasa, PenCom, ta turo jami'anta Keffi su duba littattafan biyan albashi da idonsu. Shi kuma ma'aikaci, duk watan da saƙon shigar kuɗi bai zo wayarsa ba, ya je ofishin kamfanin fanshonsa ya nemi bayanin asusu a rubuce.